Wayoyin gida suna hawa intanet, kwamfutata ta ƙi: in danna reset?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da rauta mai sim a gida. Wayoyin iyali duk suna hawa intanet lafiya lau, amma tun shekaranjiya kwamfutata mai Windows 10 sai ta kama Wi-Fi ɗin, ta nuna an haɗa amma babu intanet. Na kashe na kunna ba adadi. Wani ya ce in sa tsinke in danna ɗan ramin reset na bayan rautar. In danna?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka ajiye tsinken nan tukuna. Ramin nan mayar da rauta yake yi yadda ta fito daga kamfani. Sunan Wi-Fi ɗinka, kalmar sirrinka, da duk saitin da wanda ya haɗa maka ya yi, duk za su goge. In matsalar a cikin kwamfutar take, kuma ni can na fi zargi, to garin gyaran gira za a rasa ido: kwamfuta ba ta hau ba, wayoyin da suke aiki su ma sun sauka. Abin da za mu yi shi ne mu gano inda hanyar ta yanke kafin mu taɓa komai. Daga kwamfutarka zuwa shafin da kake son buɗewa matakai ne a jere, kuma kowane mataki akwai yadda ake gwada shi shi kaɗai.

Amma kafin nan, ina da ja a kan maganarka ta cewa wayoyi suna hawa. Na sha zuwa gidan da aka rantse min wayoyi suna aiki, ashe datar sim ɗinsu suke ci ba su sani ba. Wayoyin yanzu suna da wata dabara: in suka ga Wi-Fi ba ya kawo komai, sai su koma kan datar layi a ɓoye, mai wayar kuma bai lura ba. A iPhone sunan abin Wi-Fi Assist, Android ma tana da irinsa. Don haka ka ɗauki waya ɗaya, ka kashe datar sim ɗinta gaba ɗaya, ka bar Wi-Fi kaɗai, sannan ka buɗe wani shafin da ba ka saba buɗewa ba.

In wayar ma ta tsaya cak, to kwamfutarka ba ta da laifi, ita ce ma mai gaskiyar gidan. Sai ka duba ko datar rautar ta ƙare, ko an rufe layin saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba, ko kuma sabis ne ya ɗauke a unguwar. Ka cire sim ɗin ka sa a waya, nan take za ka san matsayinsa. Wani lokacin kuma abin ya fi ƙarfin gidanka da unguwarku. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar yammacin Afirka, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. A irin wannan rana ko ka kwana kana danna reset ba abin da zai canza.

To, mu ɗauka wayar ta buɗe shafin da Wi-Fi kaɗai. Ke nan rauta tana da intanet, kamfani ya fita daga zargi. Saura kwamfuta da abin da ke tsakaninta da rauta.

Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Wani baƙin allo zai buɗe. Kada ya ba ka tsoro, ba abin da za ka lalata da abubuwan da zan faɗa maka. Ka rubuta:

ipconfig

Rubutu zai zubo. Ka nemi sashen da ke ɗauke da sunan Wi-Fi, ka duba layi biyu: IPv4 Address da Default Gateway. Na farko shi ne adireshin kwamfutarka a cikin gida. Na biyu adireshin rautar ne, kuma ka ɗauke shi kamar zauren gida: duk abin da zai fita waje ta nan zai bi, duk abin da zai shigo ma haka. Rautocin Huawei masu sim galibi 192.168.8.1 suke amfani da shi, wasu kamfanonin kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A gidan da komai ke lafiya, lambobi ukun farko na kwamfuta da na rauta iri ɗaya ne, ta ƙarshe ce kawai ta bambanta. Misali rauta 192.168.8.1, kwamfuta 192.168.8.103.

Yanzu ga dabarar da na fi amfani da ita, kuma ba ta buƙatar wani ilimi: ka kwatanta da wayar da ke aiki. Ka shiga saitin Wi-Fi na wayar, ka taɓa sunan Wi-Fi ɗin gidanka, za ta nuna maka nata adireshin da na rauta. Ka ajiye wayar a gefen kwamfuta ka duba su biyun. Rabin matsalolin irin taka a nan suke tona kansu.

In ka ga adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, kuma layin Default Gateway babu komai, to ga abin da ya faru. Duk na'urar da ta shigo gida sai ta roƙi rauta ta ba ta adireshi, kuma sashen rautar da ke wannan rabon shi ake kira DHCP. In Windows ta yi ta roƙo ba a amsa mata ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta lamba daga cikin 169.254, lambar da ba ta kai kowa ko'ina. Wato kwamfutar ta shigo gidan amma ba a ba ta ɗaki ba. Ka rubuta waɗannan biyun, ɗaya bayan ɗaya:

ipconfig /release
ipconfig /renew

Na farko ya saki tsohon adireshin, na biyu ya sake roƙo. In ta samu lamba mai kama da ta wayar, an gama. In ta ƙi, ka zare rautar daga wuta, ka ƙirga talatin, ka mayar. Wannan ba reset ba ne, ba ya goge komai. Sannan ka duba yawan na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗin. Ƙananan rautoci, musamman na aljihu, suna da iyakar adadin da suke ɗauka, wasu goma ne kacal. In yara sun raba wa abokansu kalmar sirri, da maƙwabci, da mai shagon ƙofar gida, kana iya zama kai ne baƙo a gidanka.

In kuwa ka ga adireshin bai fara da 169.254 ba amma ya saɓa da na wayar, misali wayar tana 192.168.8 wani abu, kwamfuta kuma tana 10.0.0 wani abu ko 192.168.1 wani abu, to tambayata gare ka ita ce: ina ka kai kwamfutar nan a makon da ya wuce? Ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawa sukan rubuta wa kwamfuta adireshi da hannu don ta dace da tsarinsu. Ka dawo gida, ita kuma tana nan tana neman zauren ofis. Gyaran ba wuya. Windows da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna Wi-Fi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, ka buɗe layin da aka rubuta Internet Protocol Version 4. Ka tabbatar an zaɓi Obtain an IP address automatically, haka ma na ƙasansa mai maganar DNS. In akwai lambobi a rubuce, ka ɗauki hotonsu da waya kafin ka canza, don ranar da za ka koma ofis za a tambaye ka su.

Akwai wani dalili na biyu da ke kawo saɓanin adireshi, kuma ya taɓa cinye min yamma guda. An kira ni wani gida, matsalar irin taka sak: wayoyi lafiya, kwamfutar maigida ta ƙi. Rautar falo tana 192.168.8.1, amma kwamfutar tana nuna zaurenta 192.168.0.1 ne, kuma ba wanda ya rubuta mata da hannu. Na yi ta juya saiti har aka kira magariba. Da muka dawo daga masallaci sai na lura da wata shuɗiyar waya da ta fita daga bayan rautar, ta bi ta taga, ta nufi ɗakin samari. Na bi ta. Ashe babban ɗan gidan ne ya samo wata tsohuwar rauta, ya jona ta don Wi-Fi ya kai ɗakinsu, bai kashe DHCP ɗinta ba. Sai gida ya zama da masu rabon adireshi biyu, duk wanda ya riga amsawa shi na'ura za ta bi. Tsohuwar rautar tana cewa ni ce ƙofa, alhali bayanta bango ne. Na shiga saitinta na kashe DHCP, na sake ipconfig /renew, shafi ya buɗe kafin shayin da aka kawo min ya huce. In kana da rauta ta biyu ko na'urar ƙara nisan Wi-Fi a gidan, ka zare ta tukuna ka gwada.

Yanzu mu ce adireshi daidai yake, ya dace da na waya. Sai mu koma ga ping. Ni sallama nake kiransa, don aikinsa ke nan: ka yi sallama, ka saurara ko za a amsa. Sau uku za mu yi, kowace ta fi ta baya nisa. Ta farko a zaure, da lambar da ka gani a Default Gateway:

ping 192.168.8.1

In ka ga layuka huɗu masu farawa da Reply from, da lokaci ɗan kaɗan kamar 2ms ko 5ms, rauta ta amsa. In ka ga Request timed out ko Destination host unreachable, to tsakanin kwamfuta da rauta ne aka samu yankewa, zan dawo kan wannan. Ta biyu a waje:

ping 8.8.8.8

Wannan adireshin wata na'urar Google ce da kusan kullum take amsawa. In ta amsa, kwamfutarka tana da intanet, ko me Windows ta rubuta a ƙasan allo. Ta uku da suna maimakon lamba:

ping google.com

In ta biyu ta amsa amma ta uku ta ce could not find host, ka kama ɓarawon: DNS ne. Intanet da lambobi yake aiki, mu kuma da sunaye muke aiki. DNS shi ne kamar jerin sunayen da ke wayarka, ka taɓa sunan mutum, ita ta nemo lambarsa. In ya lalace, hanya a buɗe take amma kwamfuta ba ta san lambar kowa ba. Ka fara da ipconfig /flushdns, wanda ke share abin da ta haddace, don wani lokacin kuskure ta haddace. In bai yi ba, ka koma wurin nan na Internet Protocol Version 4, ka bar adireshi yadda yake, a ɓangaren DNS kaɗai ka rubuta 8.8.8.8 a sama, 1.1.1.1 a ƙasa. Na farko na Google ne, na biyu na Cloudflare, duka kyauta ne. Ni a kwamfutocin gida ba na ganin laifin barin su haka har abada. A kwamfutar ofis ne nake cewa a yi hattara, don wasu shafukan cikin gida na ma'aikata ba sa buɗewa sai da DNS ɗin ma'aikatar.

To idan duka ukun sun amsa, amma burauza ta ƙi buɗe shafi fa? A nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma abubuwa uku nake dubawa. Na farko VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya daban don ka kai ga shafin da aka toshe. Tun lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa suka saka manhajojin VPN na kyauta, aka buɗe Twitter, aka manta da su. Wasunsu suna da tsarin da ke toshe intanet gaba ɗaya in sun kasa haɗuwa da uwar garkensu, wai don kare ka. Kashe irin wannan ba ya isa, ka cire shi daga kwamfutar ɗungurungum ka sake kunna ta. Na biyu furoksi, wato wata na'ura ta tsakiya da ake sa burauza ta bi ta cikinta kafin ta fita waje: ka shiga Settings, Network & Internet, Proxy, ka tabbatar Use a proxy server a kashe yake. Makarantu da ofisoshi suna saka shi, wasu miyagun manhajoji ma suna saka shi ba da saninka ba.

Na uku zai ba ka dariya: agogo. Ka dubi kwanan wata a kusurwar allo. Shafukan da adireshinsu ya fara da https suna gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma da agogon kwamfutarka take auna ta. In kwamfutar tana ganin shekaru biyar baya muke, duk takardar da aka nuna mata sai ta ce ba ta inganta ba. Chrome yakan rubuta Your clock is behind. Wannan ya yi yawa a tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su, saboda ɗan batirin da ke riƙe agogo a kan allon uwa, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, mai kamar kwabo, yawanci CR2032, ya mutu. Ka gyara lokacin da hannu ka gani. In kullum ka kunna sai ya koma baya, batirin za a canza, kuma ba shi da tsada.

Na yi alkawarin dawowa kan sallamar farko in ba a amsa ba, ko ana amsawa ana yankewa. Gwaji biyu ne ke raba gardama. Ka kunna hotspot na wayarka ka haɗa kwamfutar da shi. In ta hau, katin Wi-Fi ɗinta, wato ɓangaren da ke kama Wi-Fi a cikinta, lafiya yake, rashin jituwa ce tsakaninta da wannan rautar kaɗai. Sannan in rautar tana da ramin kebul a baya, ka samo kebul ka jona kai tsaye. In ta hau ta kebul, mun san a iska matsalar take.

Rashin jituwar kan zo ta 'yan hanyoyi. Mafi sauƙi, kwamfuta ta riƙe tsohon bayanin Wi-Fi ɗin: ka shiga Manage known networks a saitin Wi-Fi na kwamfutar, ka zaɓi sunan, ka danna Forget, ka sake haɗawa da kalmar sirri. Sai kuma tsarin tsaro. WPA3 ya fito a 2018, kuma tsofaffin katunan Wi-Fi da yawa ba su san shi ba, don haka in rautar tana kan WPA3 zalla, ka mayar da ita WPA2 ko haɗin biyun. Sai jerin waɗanda aka hana. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira MAC, kuma a shafin rauta akwai inda ake toshe na'ura da wannan lambar. Na ga uban da ya zo toshe wayar ɗansa da daddare ya toshe kwamfutar kansa, don sunayen da rauta ke nunawa ba sa faɗin wane ne wane. Don ka duba, ka buɗe burauzar wayar da ke aiki, ka rubuta adireshin rautar a wurin da ake rubuta adireshin shafi, ka shiga da suna da kalmar sirrin da ke manne a ƙasan rautar, in ba a canza su ba. Ka lura, wannan kalmar sirrin galibi daban take da ta Wi-Fi.

Nisa da bango ma suna da nasu. In rautarka tana fitar da suna biyu, ɗaya na 2.4GHz ɗaya na 5GHz, na biyun ya fi sauri amma bai iya ratsa bango sosai ba, na farkon ya fi kai wa nesa. Ginin bulo da siminti yana cin siginar sosai, balle a ce an ɓoye rauta a bayan talabijin ko cikin durowa don kada yara su taɓa. Ka ɗauki kwamfutar ka zauna kusa da rautar ka sake ping. In a nan tana amsawa, a ɗakinka ba ta yi, to wurin ajiye rauta za ka canza, ka ɗaga ta sama a tsakiyar gida. Kuma ka taɓa jikinta da cajarta. Da zafin bazara da yadda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, caja kan raunana, sai rauta ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. Amma wannan kowa yake shafa a gidan, ba kwamfuta kaɗai ba, shi ya sa ban sa shi gaba ba.

In kwamfutar ta ƙi hawa ko da hotspot na waya, laifin na Windows ne ko katinta. Ka nemo cmd, ka danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Run as administrator, ka rubuta:

netsh winsock reset
netsh int ip reset

Ka kashe ta ka kunna. In har yanzu shiru, a Settings, Network & Internet, Status, can ƙasa akwai Network reset. Wannan yana cire duk katunan sadarwa ya sake saka su, kwamfutar za ta sake kunna kanta bayan minti biyar, kuma za ta manta duk kalmomin sirrin Wi-Fi da ta sani, don haka ka tanade su. Bayan wannan sai maganar direban katin, wato manhajar da ke tuƙa shi. Ka sauko da shi ta waya daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka tura ta kebul. Ka guji manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya, tarkacen da suke shigowa da shi ya fi gyaransu yawa. In katin ne ya mutu, akwai ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB da ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta, ka soka shi ka ci gaba da aikinka.

Shi kuwa tsinke, yana da ranarsa: in ka manta kalmar shiga shafin rautar, ko an yamutsa saitinta har ba a san me aka taɓa ba, ko duk na'urorin gida sun kasa hawa alhali sim ɗin yana aiki a waya. Ko a ranar, ka fara ɗaukar hoton shafukan saitin in kana iya shiga, musamman wurin APN, wato sunan mashigar da kamfanin layinka ke amfani da shi. Yawancin rautoci suna gano shi da kansu, amma wadda aka buɗe don ta karɓi layin wani kamfani takan buƙaci a rubuta mata da hannu. Sannan ka danna ka riƙe kamar daƙiƙa goma rautar tana kunne, ka jira ta tashi, ka canza sunan Wi-Fi da kalmomin sirrin biyu nan take.

Daga yadda ka kwatanta, Wi-Fi yana kamawa, wayoyi suna aiki, kuma abin ya fara rana ɗaya, na fi karkata ga adireshin da aka rubuta da hannu, ko DNS, ko VPN. Ka yi gwajin kashe datar waya, ka yi ipconfig da sallama ukun nan, in ba ta warware ba ka turo min hoton baƙin allon tare da adireshin da wayar ta nuna, kuma ka gaya min ko an kai kwamfutar wani wuri ko an saka mata wata manhaja kafin shekaranjiya.